Ga Matasan Da Ke Zuwa Aikin Sa Kai A Yankari

Ƙannena, da zarar rani ya kama, namun daji sun fara gangarowa kogin Gaji neman ruwa, sai baƙi su cika Yankari, ku ma ku yi ta tururuwa da sunan aikin sa kai. Madalla da wannan niyya. Amma akwai abin da na gani da idona wanda ya hana ni yin shiru.

Wata safiya a sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin dajin, wani matashi cikinku ya riƙa jefa wa gwaggon biri burodi don wata baƙuwa ta ɗauki hoto. Ta yi dariya, shi ma ya ji daɗi. Kafin azahar birin nan ya fizge ledar abinci daga hannun wata ƙaramar yarinya, ta ƙwalla ihu, da ƙyar uwarta ta rarrashe ta. Birin da ya saba karɓa daga hannun mutum ya daina tsoron mutum ke nan. Mai jefa burodin zai koma gida bayan sati biyu, ma'aikatan da ke wurin shekara da shekaru su ne za a bari da wahala.

Baƙo yana da haƙƙi a kanmu, haka muka taso muka tarar. Ka tare shi da fara'a, ka ba shi ruwa, ka kama masa kaya. Sai dai karamci ba biye wa son ransa ba ne. In ya ce direba ya matsa kusa da giwa, ka ce a'a, ko da dala ya miƙo maka. Giwa mai ɗa ba ta san wasa ba, kuma giwayen Yankari suna cikin kaɗan ɗin da suka rage a Nijeriya bayan ɓarnar masu farautar haure.

Sannan ka san wurin da kake. A 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Ruwan maɓuɓɓugar Wikki yana nan da ɗuminsa na digiri 31, rani da damina. Ka iya bambanta gwanki da kanki, ka je kogunan dutse na Marshall da ƙafarka. Abin da ba ka sani ba ka tambayi masu gadin daji, waɗanda ke kwana cikin jeji suna kwance tarkon mafarauta. Kada ka shirga wa baƙo ƙarya don ya ce ka sani.

Mutanen ƙauyukan gefen daji kuwa, ka durƙusa ka gaishe su. Manomin da giwa ta cinye masa gonar dawa a dare ɗaya ba wa'azinka yake jira ba, saurare yake so. In baƙonka zai yi tsaraba, kai shi wajensu ya sayi zuma ko tabarma. In kuma aka tare ku a hanyar Alkaleri da naman daji, ko a kyauta ne, ku ce kun gode ku wuce.