Kunyar da ta kusa gurgunta ni

Jiya bayan la'asar wani yaro ɗan garinmu ya yi sallama a ƙofar gida, hannunsa na dama naɗe da bandeji. Injin yankan ƙarfe ne ya ci masa yatsu biyu a wani shantiye. Da muka gaisa na yi masa jaje, sai na tambaye shi ko an rubuta takardar haɗarin. Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, ya ce, "Yaya, ai Alhaji ya yi ƙoƙari. Shi ya biya ɗinki da magani, har jikka goma ya ba ni na cefane."

Na yi shiru, don maganata ce yaron ya maido mini. Haka na faɗa da bakina ina kwance a gadon asibiti. Shi ya sa na ce yau bari in amayar da abin da ke cikina. Rubutun da tsawo, wanda ya gaji ya wuce, ba laifi.

Ni mai ɗaurin rodi ne. Tun ina saurayi na baro Buza na zo Yamai, na fara da dako a Katako, na koma lebura, har na koyi sana'a na samu shiga wani kamfanin gine-gine da takarda da albashin wata. Ba zan kama sunansa ba, ba tonon silili ya kawo ni ba. Cikin azumin 2022, wanda ya faɗo a Afrilu, muna shirin zuba dal, wato rufin kankare, a hawa na biyu na wani bene. Wanda ya san Yamai a Afrilu ya san kafin azahar rodi ba ya taɓuwa da hannu. Ga ƙishirwa, ga shef yana ta faɗan a yi sauri motar kankare na tafe. Katakon da muke takawa da waya guda aka ɗaure shi maimakon biyu. Na gani tun da safe, na ce a raina ai zai kai mu yamma.

Faɗuwar kanta ban tuna ta ba. Na dai farka kan tulin tsakuwa, na ɗaga kai na ga tafin ƙafata ta dama yana kallon gefe, kamar ƙafar wani ce aka ajiye kusa da ni. Takalmina ɗaya yana can sama. Wani yaro lebura ya riƙe kaina yana ta salati, hawayensa na ɗiga a goshina. Kafin a kawo mota cinyar ta cika wando taf. A kan ƙyauren ƙofa aka ɗora ni aka sa a bayan motar kamfani.

Gaskiya ɗaya ce, Alhaji mai kamfaninmu bai gudu ba. Daren nan bayan asham ya zo da kansa, ya biya kuɗin hoto, ya karɓi takardar magani ya aika farmasi, ya ce a yi aikin ko nawa ne. Aka zura mini ƙarfe cikin ƙashin cinya. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada ka sa komai a ranka, kai ɗan gida ne." Inna kuwa daga Buza sai waya take yi: "Don mi za a yanka ka? Ku kawo shi gida a ɗora, ɗori munka gada." Ban raina masu ɗori ba, na ga hannuwan da suka gyara. Amma naman cinya yana da ƙarfi, in ƙashi ya rabu biyu janyo shi yake yi har ɓarin ya hau kan ɗan'uwansa, in kuwa ya haɗe a haka ƙafa gajarta take yi. A wannan dai ban bi Inna ba, kuma ta yafe mini.

Washegari ɗan ƙanen babana ya zo dubiya. Malamin makaranta ne, ɗan sandika, wato ƙungiyar ƙwadago. Ya duƙo kusa da kunnena ya ce, "An kai maganar kes?" Wato CNSS, asusun ƙasa na kula da ma'aikata. Ya ce doka awa 48 ta ba maigida ya sanar da haɗari, kuma an riga an ci rabi. Ni kuwa ledar lemu da madarar da Alhaji ya kawo tana rataye a kan gadon, ina kallonta. Na ce, "Haba malam, mutumin da ya yi mini wannan hidima, da wane baki zan ce ya kawo takarda? Sai ka ce ƙararsa na kai." Ya dube ni, ya girgiza kai, ya yi mini sai da safe.

Abin da ban tsaya na fahimta ba ranar, wuya ta koya mini daga baya. Takardar nan ba ƙara ba ce. Asusun CNSS tun 1965 yake, kuma yana da reshe guda na haɗarin aiki da cututtukan da sana'a ke jawowa. Kuɗin wannan reshe maigida ne kaɗai ke zuba su, abin da ake cire mana a albashi na fansho ne. Ke nan Alhaji ya daɗe yana biya saboda irin wannan rana. In an sanar da haɗari, asusun ne ke ɗaukar magani da aikin tiyata da gashin ƙashi, ya kuma riƙa ba ka kuɗin yini muddin kana kwance: kwana 28 na farko rabin abin da kake samu a yini, daga nan kashi biyu cikin uku. In ka tashi da naƙasa likita ya auna ta, a yanka maka abin da za ka karɓa. Ko a hanyar zuwa aiki ko ta komowa gida abin ya same ka, yana ciki. Dokar ƙwadago ta 2012 kuma ta ce kwangilar wanda ya ji ciwo a bakin aiki dakatawa take yi har ya warke, ba mutuwa ba.

To me ya hana Alhaji? Ban shiga zuciyarsa ba. Amma ni ma ba yaro ba ne. In takarda ta fita, mai bincike na iya zuwa ya ga katako da waya guda, ya ga ba mai hular kwano, ya tambayi sunayen leburorin da ba a rubuta ba. Biyan asibiti ya fi masa sauƙi.

Watan farko albashina ya zo cikakke. Na biyu rabi. Na uku na aika yaro sau biyu, a ce Alhaji ya tafi Kwatano. Kuma ba ni da bakin magana, don kyauta ba a bin ta bashi. A nan na gane rijiyar da na gina wa kaina: abin da yake haƙƙina na bari ya zama alheri, mai alheri kuwa ranar da ya gaji ba wanda zai ce ya yi laifi.

Zaman gida shi ne abin da ba a faɗa wa mutum a asibiti. Uwargida ta ari firji ta fara sayar da ƙanƙara da zoɓo, da asuba take tashi ɗaurin leda, ni ina zaune a ƙarƙashin rumfa da sanduna biyu ina kora kaji. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, wallahi da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Gaisuwar maƙwabta ma ta sauya. Da farko "ya jiki?" ne, daga baya ta koma "malam, har yanzu ba a koma ba?" Wataƙila ba da wata manufa suke faɗa ba, amma ni kamar allura nake ji.

Ga kuma kine, wato gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na asibiti. Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba bai san ciwo ba. Cinyata ta rame ta koma kamar damtsen yaro, gwiwa ta sandare, salla sai a kan kujera. Wata yarinya ce take duba ni, ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba. Ta kwantar da ni rub da ciki ta kama dunduniya tana turawa a hankali, ni ina cizon gefen zanen gado don kada a ji babban mutum yana kuka. Ta ce, "Baba, ƙashi da kansa yake haɗewa, amma gwiwa da nama sai an sake koya musu aiki. In ka bar su yanzu, haka za su zauna." Na ji, na kuma yarda. Amma kowane zuwa kuɗi ne, ga taksi zuwa da komowa, kuɗin kuwa daga cikin kular ƙanƙara suke fitowa. Sai na fara tsallake rana, daga nan na daina. Gashin da asusu zai biya da an rubuta takarda.

Likita ya ce in jira wata shida. A wata na huɗu na jingine sanduna a bayan ƙofa na hau kabu-kabu na koma shantiye. Aka yi ta murna, ana cewa ƙarfe ya dawo. Shef ya nuna mini sama. Na kama tsani, mataki na ɗaya, na biyu, na uku. A na huɗu wani gumi mai sanyi ya keto mini, hannuwana suka manne da tsanin, ƙafa ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ƙasa nake kallo, ba kowa a wurin sai tsakuwa, amma ni kaina nake gani kwance. Yaran da na koya wa aiki suna tsaye suna kallona. Na sauko na ce jiri ne, ban karya kumallo ba. Ƙarya ce. Tsoro ne, kuma har yau mutane kaɗan na taɓa gaya wa.

Haka na yi mako uku ina ɗingishi ina ɓoyewa, ina ɗaukar rodi a kafaɗa don kada a ce na zama kaya. Da dare ƙafar ta kumbura, uwargida ta dafa ruwa ta gasa mini, ba mai ce wa wani uffan. Wanda ya tsinka zaren shi ne tsohon mai gadinmu, Ba'adare ne mutumin Keita. Wata yamma ya kira ni gefen bukkarsa ya miƙo mini shayi ya ce, "Ɗana, kwana ashirin ina kallonka. Wa kake ma wagga wahala? In ƙahwar ta lalace, waɗanda kake jin kunya su za su hwara ce maka gurgu."

Na koma aka sake hoto. Ƙashin bai gama haɗewa ba, ƙarfen ne ke riƙe da ni. Likitan ya yi mini faɗan da ko babana bai taɓa yi mini ba, ya ƙara mini wata biyu a gida. Daren nan na kira malam na ce ya yafe mini, ya raka ni ofishin sufetan ƙwadago. Ashe in maigida bai sanar ba, ma'aikaci na da damar kai maganar da kansa. Aka kira Alhaji. Ya dube ni ya ce, "Ni za ka yi wa haka?" Muryata na rawa na ce, "Alhaji, alherinka yana wuyana har kabari. Amma ƴaƴana huɗu, kuma ƙafar nan ita ce gonarsu." An yi takardar, sai dai da kyar, kuma laifin jinkirinmu ne. Shaidar likita ta ranar farko sai da aka tono ta, rasit da yawa sun ɓace, yaron da ya riƙe kaina kuwa ya riga ya tafi haƙar zinariya a arewa, wayarsa ba ta shiga.

Komawata ta biyu da takardar likita na je, an rubuta kada in hau sama sai an sake dubawa. Aka bar ni ƙasa, yankan rodi da lanƙwasa da ƙidayar kaya. Na yi zaton ƙasƙanci ne, ashe a nan zan koyi karanta zanen gini da kyau, abin da shekara da shekaru ina sama ban samu lokacinsa ba. Sai da shekara ta zagayo na sake hawa, shi ma mataki-mataki, da sassafe kafin yara su zo. Yanzu ba na taka katakon da ban girgiza shi da hannuna ba, shef ya yi ta faɗa in ya so. Ni da Alhaji muna gaisawa, ba kamar da ba. Ya daina ce mini ɗan gida.

Na san akwai masu cewa butulci na yi, wasu su ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, ita ta kayar da ni. Amma waya ta biyu mutum ne bai ɗaura ba, ni kuma na gani na yi shiru, takarda ma mutum ne bai rubuta ba. An raine mu da kunya, ina alfahari da ita, ita ce ke hana ni ɗaga ido gaban surukina. Sai dai ban ga malamin da ya ce kunya ta wajabta wa mutum ya bar haƙƙin iyalinsa don an kawo masa lemu ba.

Ni ma mai sa'a ne, ina da lamba a asusu. Akasarin waɗanda ke ɗaukar kankare a kai a garin nan ƴan ci-rani ne, daga Adar, daga Maraɗi, daga Dogon Dutse, da yamma ake sallamarsu, ba sunansu a ko'ina. In ɗayansu ya faɗo, kuɗin mota ake ba shi ya koma ƙauye wajen mai ɗori. Alhali rubuta ma'aikaci wajibi ne a kan wanda ya ɗauke shi, ba a kan lebura ba. Wanda abin ya samu ko da ba shi da lamba, ya karɓi shaidar likita tun ranar farko, ya adana kowane rasit, a ɗauki hoton wurin da waya kafin a gyara, ya riƙe lambar mutum biyu da suka gani.

Duk wannan na zayyana wa yaron jiya, har aka kira magariba. Na ce ya kawo takardunsa ranar Litinin da safe in raka shi. Ya ce, "Yaya, in Alhaji ya yi fushi fa?" Na ce zai yi. Ya daɗe yana kallon bandejin, sannan ya ce bari ya yi shawara da mahaifiyarsa tukuna.