Jirgin yawon Sallah da ya bar mu a bakin layi

Da na san haka za a yi, wallahi da na bar yaran nan sun tafi kallon hawa kamar kowace shekara. Sanarwa ce ta yi ta yawo a WhatsApp, wai washegarin Sallah za a fito da tsofaffin taragai a zagaya da iyalai ta cikin duwatsu, a dawo kafin magariba. Hajiyata ta fi yaran ɗoki, don mahaifinta ma'aikacin reluwe ne, rabonta da jirgi kuwa tun tana amarya. Tun azumi na ashirin da bakwai na yanki tikiti biyar.

Ƙarfe tara aka ce. Takwas da rabi muna tasha, yara sun sha shadda, Hajiya riƙe da kular dambun nama. Har aka kira azahar taragai uku na nan tsaye, babu kan da zai ja su. Fanka ba ta motsi, banɗaki an garƙame shi da kwaɗo.

Na haƙura na je tagar tikiti. Mutumin ya kishingiɗa, ga ledar soyayyen nama a gabansa, yana sakace da tsinken ashana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, barka da Sallah. Don Allah yaushe jirgin zai tashi?"

Bai ɗago ba. Sai da ya zaro abin da ya maƙale masa a haƙori, ya duba shi da kyau kamar zai sa masa suna, sannan ya ce, "Malam, jirgi ba allura ba ne. In ya zo za ka gan shi."

Na haɗiye. Na ce, "Gaskiya ne. Amma ga tsohuwa tun safe a zaune, yara kuma sun galabaita."

"Ni na haifa maka su?"

A gaban ɗana mai shekara tara ya faɗi wannan. Na ce to a ba ni kuɗina. A nan ne ya yi dariya, dariyarsa ta farko a ranar, ya ce kuɗi sun riga sun shiga asusu, in rubuto takarda bayan hutu, Oga zai duba. Na tambaya ina Ogan? Ya tafi Sallah gida. A mota, ba shakka, shi ai ya san halin jirginsa. Ina juyawa kuma sai na ji ya ce, "Alhaji, ba barka da Sallah ne?" Wato in biya shi ladan zagin.

Abin da ya fi ƙona min rai, a wannan zaman Hajiya take ba jikokinta labarin lokacin da ake saita agogo da kukan jirgi. Tun 1911 jirgi ya iso Kano. Ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964, yana jidar gyaɗa da auduga da fatu. Har ƙaramin layi aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, ya ratsa duwatsu. Turawa da kansu suka rufe wannan a 1957, na yarda, ba laifinmu ba ne. To sauran fa, wa ya kashe su? Indiya na da irin wannan ƙaramin jirgin dutse a Darjeeling tun 1881, har yau yana aiki, UNESCO ma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999. A Ingila tsofaffi 'yan fansho ke goge injinan kwal kyauta, kowane Disamba su ɗebi yara yawo. Mu namu taragan awaki ke kwana a ciki.

Kowace gwamnati ta zo sai ta yanka kyalle, ta ciwo bashi, ta ce an farfaɗo da layin dogo. A ɗauki hoto, a watse. Mu ma ba mu fita ba: ɓarayi na kwance ƙarafan layi su sayar wa 'yan jari-bola, wani ya kafa rumfa a kan dogo, wata ta shanya barkono. Mu kusan ɗari a tashar nan, da na ɗaga murya, waɗanda rana ɗaya ke dukanmu da su ne suka taso min da "Malam, a yi haƙuri, ranar Sallah ce." Haƙurin nan dai shi ya kai mu inda muke.

Bayan la'asar wani yaro ya zo ya liƙa takarda a bango, wai an ɗage tafiya sai abin da hali ya yi. Muka cinye dambun a kan benci. Autata ta dage sai an ɗauke ta hoto a jikin tarago, tsatsa ta ɓata mata sabuwar riga. Kuɗin adaidaita sahu zuwa gida ma sai da ya ninka, don an ce Sallah ce.