Nasiha Ga Ƙannena Masu Koyon Rubuta Manhaja: Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan sallar isha'i, wani dattijo ɗan ƙasarmu mai ofishin aika kaya daga Jidda zuwa Kano ya kira ni in duba masa manhajar da wani matashinmu ya rubuta masa, wadda ya biya kuɗi masu kauri a kanta. Ƙorafinsa shi ne duk lokacin da akawunsa ya shigar da sunan Mu'azu, ko Sa'adatu, ko Asma'u, sai manhajar ta tsaya cik ta fito da jan rubutu. Har akawun ya saba cire waƙafin saman da ke tsakiyar sunan, ga shi yanzu mutum ɗaya yana da suna biyu a rumbun bayanai, bashinsa ya rabu gida biyu. Da na buɗe kod ɗin, wato jerin umarnin da aka gina manhajar da su, wallahi raina ya ɓaci, domin teburin abokan ciniki, wato jadawalin da ake ajiye bayanansu, har yanzu sunansa teburin ɗalibai, alamar cewa darasin manhajar makaranta aka kwafo daga YouTube aka sauya masa fenti.

Ƙannena, wannan ɗabi'ar kwafe ba tare da fahimta ba ita ce take damuna, kuma ba a kan yaron nan kaɗai na gan ta ba. Harshen SQL, wanda manhaja take magana da rumbun bayanai da shi, yana amfani da waƙafin sama wajen nuna inda rubutu ya fara da inda ya ƙare, saboda haka idan ka ɗauki abin da mutum ya rubuta ka liƙa shi kai tsaye cikin umarnin da kake aika wa rumbun bayanai, sunan Mu'azu zai yanke umarnin a tsakiya. Ƙofar da sunan Mu'azu ya faɗa ita ce ƙofar da ɓarawo yake bi ya cusa nasa umarnin ya kwashe bayanan mutane ko ya goge su, kuma tun 1998 masana tsaro suka yi rubutu a kan wannan ɓaraka. Maganinta yana cikin kowane darasi na kirki: a tura umarni daban, a tura bayanin mutum daban a cikin gurbin da aka tanadar masa. Yaron bai san da haka ba, domin bai taɓa karanta layin da ya kwafa ba.

Na tambaye shi dalilin da ya sa kuɗin kilo ɗaya yake rubuce a wurare bakwai, duk a ƙarƙashin maɓallan allo. Ya ce haka manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba shi, kuma ai yana aiki. Kalmar nan ta "ai yana aiki" ita ce ta kashe mu. Tun 1967 Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard a ƙasar Norway suka fito da tsarin aji da abu a harshen Simula, a kansa kuma harsunan Java da C# suka ginu, tsarin da yake hana mai rubutu maimaita doka ɗaya a wurare bakwai. A manhajar dattijon nan, kaya aji ne, ya san nauyinsa, ya san yadda ake lissafa kuɗinsa, kuma ya killace wannan lissafi a cikinsa yadda ba wanda zai taɓa shi daga waje. Kayan jirgin sama da kayan jirgin ruwa sai su gaji ajin kaya, kowanne ya sauya abin da ya keɓanta da shi kawai. Idan an gina haka, manhajar kwamfutar ofis da shafin intanet duka za su sha daga rijiya ɗaya, kuma ranar da farashi ya sauya wuri ɗaya za a gyara. Duk wanda yake ƙasar nan ta Saudiyya ya tuna yadda harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a watan Yulin 2020, ya kuma tuna da dokar rasidin lantarki da ta fara aiki a Disambar 2021. Ai ba a fafe gora ranar tafiya, mai kwafe kuwa kullum ranar tafiyar yake neman wuƙa.

Ban ce kada ku duba aikin wasu ba, dukanmu muna dubawa. Abin da na ƙi shi ne ka karɓi kuɗin bawan Allah a kan abin da ba za ka iya bayaninsa layi bayan layi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ku kuna cin ladan, kuna kashe waya ranar askin. Sannan ga wata cutar da take tafe da wannan: mutum ya yi mako uku yana kallon bidiyo, sai ka ga ya rubuta "Muhandis", wato injiniya, a gaban sunansa a Facebook, ya jera sunayen harsuna goma, alhali bai san abin da ya sa kowane teburin bayanai yake buƙatar mabuɗin da ba ya maimaituwa ba, wato lambar da take bambanta kowane layi, abin da masanin kwamfuta Edgar Codd ya shimfiɗa tushensa tun 1970. Daren da ya kamata ya zauna da wannan yana majalisa ana shayi da gardamar ƙwallo har asuba. Kuma ku sani, a ƙasar baƙunci laifin mutum ɗaya sunan dukanmu yake ɓatawa, domin mai shagon da aka cuta ba zai ce wane ya cuce ni ba, cewa zai yi Takari ne.

Ku koma ku koyi abin daga tushe, ku yi haƙuri da shi, sannu ba ta hana zuwa. Mu da muka fara koyo lokacin da sai an biya kuɗin awa a shagon intanet, malaminmu ba ya barin ka taɓa kwamfuta sai ka zana teburanka da alaƙarsu a takarda, ya bi da jan biro yana tambayarka dalilin kowane layi. Tarbiyyar makarantar allo ce, ba ka wanke allo sai ka biya wa malam ya gamsu. Haka iyayenmu teloli da suka zauna a Makka da Jidda suka yi suna, yaro yakan shekara yana saka maɓalli da guga kafin a miƙa masa almakashi, kuma kunya ba za ta bar shi ya yanka yadin mutane a kan sa'a ba. Wannan kunyar ce na nema a fuskar yaron nan ban samu ba, sai ma tambayata yake ko ina da wani kod da zai liƙa a kai. Dattijon kuwa ya buɗe durowa ya fito da tsohon littafinsa mai baƙin bango, ya ce wa akawu daga gobe a koma rubutawa da hannu.