Barista da Naman Sallah

Tun ban ga ƙofar makarantar lauyoyi ba uwargidana ta naɗa ni Barista. Tsokana ce, na sani, don tun ranar da na ce zan zauna jarrabawar LSAT bakina bai sake hutawa ba. Ita ce jarrabawar da yawancin makarantun koyon aikin lauya na Amurka da Kanada ke dubawa kafin su ɗauki mutum, makinta kuma daga 120 ne zuwa 180. Gwajin farko da na yi wa kaina a teburin kicin ɗinmu na unguwar Bronx da ke birnin New York, 141 na samu. Ta ce ai na yi ƙoƙari, 141 cikin 180 ba wasa ba ne. Na yi shiru, ban gaya mata cewa wanda bai ci ko tambaya ɗaya ba ma 120 ake ba shi ba.

Aikin gadi nake yi da dare a wani gini a Manhattan, saboda haka rabin karatuna a cikin jirgin ƙasa mai lamba 4 ne, littafi a cinya, barci a ido. Tun watan Agustan 2024 aka cire wa jarrabawar sashen wasa ƙwaƙwalwa, irin na jera mutane a kujeru, aka bar sassa biyu na tantance hujja, ɗaya na fahimtar karatu, da wani na huɗu da ba a ƙirga makinsa, ba kuma za a gaya maka wanne ne ba. Kowane sashe minti 35, tambaya wajen 25. Kafin ka gama bisimilla an cinye maka minti guda.

A cikin tambayoyin nan akwai wasu da suka zame mini ƙarfen ƙafa. Za a ba ka 'yar gajeriyar hujja, sai a ce ka nemo abin da mai maganar bai faɗa ba, amma maganarsa ba ta tsayuwa sai da shi. Ni na sa masa suna zato na dole. Misali a ce mai gidan burodi ya rage farashi, saboda haka ribarsa za ta ƙaru. Amsoshi biyar ne a gabanka. Ɗaya ta ce duk mutanen unguwa za su bar sauran shaguna su dawo wurinsa. Wata kuma, can a ƙasa, a raɓe kamar marainiya, ta ce aƙalla za a ɗan ƙara sayen burodinsa. Ni kullum ta farkon nake ɗauka. Ta fi cika ido, ta fi kama da abin da lauya zai faɗa yana kaɗa riga. Kullum kuma marainiyar ce daidai.

Littafin ya ba da dabara: ka ƙaryata amsar, ka ga ko hujjar za ta rushe. In ka ce ba za a ƙara sayen ko burodi ɗaya ba, to riba daga ina? Ta rushe, ka samu amsa. In kuwa ka ce ba duk mutanen unguwa ne za su dawo ba, ai mai burodi ko a jikinsa, rabinsu ma sun ishe shi. Sai dai ni mako uku na yi ina ɗauka kishiyar "duk" ita ce "babu ko ɗaya", alhali "ba duka ba" ce. Da wannan kuskuren kowace amsa na taɓa sai hujja ta faɗi, har na fara jin tsoron ƙarfin basirata.

Wanda ya cece ni ba littafi ba ne. Kawuna ne, direban tasi, wanda ya fi shekara ashirin yana zaga titunan New York. Bayan sallar Juma'a ya ga fuskata a yamutse, na yi masa bayani na kusan minti goma, yana ta jan carbi.

"Kai yaro, wannan ai sharaɗi ne," in ji shi. "In babu alwala akwai salla?"

"Babu, Kawu."

"To in ka yi alwala, shi ke nan ka yi salla?"

"A'a."

"To su alwalar suke tambayarka, kai kuma kana ta kawo musu sallar har da nafila. Nawa ka sayi littafin?"

Na faɗa masa. Ya dube ni, ya dubi sama, ya ce Allah ya kyauta.

Daga ranar kaina ya buɗe, kuma nan ne masifa ta fara, don ɗan koyo ba ya san wurin ajiye makami. Uwargida ta ce in ɗauki lema, hadari ya haɗo. Na ce maganarki ta dogara ne a kan zaton cewa hadarin nan zai zubar. Na dawo gida kamar kazar da ta faɗa rijiya. Ta ce wa 'yarmu ta ci alayyahu don ta yi ƙarfi, na buɗe baki, ta nuna ni da ludayi, na rufe.

Sai Babbar Sallah ta zo. Mun yi tarayya a sa da wasu 'yan uwa, ta soya rabonmu ya yi jawur, ta barbaɗe da yaji, ta cika wata babbar roba ta sa a firij, ta ce na baƙi ne. Ni kuwa da safe nake dawowa daga aiki, lokacin ta fita nata aikin, yarinya tana wurin mai reno. Daga ni sai littafi sai firij. Ban ce na yi niyyar komai ba. Tsoka ɗaya ce in na ci tambaya, don ƙarfafa gwiwa. Daga baya na ga ai wanda ya faɗi ya fi buƙatar lallashi, sai na mai da ita ɗaya in na ci, biyu in na faɗi.

Kwana na huɗu ta ɗaga robar, ta jijjiga, ta ji tana ƙara kamar asusun da aka yi wa sata.

"Barista, zo nan. Ni ina wurin aiki, yarinya ba ta gida. Kai ka cinye naman nan."

Na gyara tsayuwa. Ranar da nake jira ke nan. "Uwargida ran gida, hujjarki tana da zato na dole. Sai in babu wani da ya shigo gidan nan. In na ƙaryata wannan, maganarki ta rushe."

"To ƙaryata mana. Wa ya shigo?"

A nan na gane wani abu da ban lura da shi a littafin ba: gano ginshiƙin da magana ta tsaya a kai daban, tumɓuke shi daban. Makulli biyu ne a gidan, ɗaya a jakarta, ɗaya a aljihuna.

"Ai ba sai na kawo suna ba," na ce, murya ta fara sirancewa. "A ƙa'ida, yiwuwar..."

Ba ta tanka ba. Ta miƙa hannu ta jawo littafina, ta buɗe inda fensir yake. Kowane shafi da tambarin babban yatsana na maiƙo, jan yaji ya zagaye shi, har takardar ta zama shara-shara ana hango rubutun baya. Ta fara ƙirgawa da ƙarfi, shafi bayan shafi. Da ta kai talatin da bakwai na ce ta bari haka nan, na amsa laifina.

Amma da take juya shafukan na lura da wani abu. A shafukan da maiƙo ya fi yawa, nan na fi cin tambayoyi, har akwai inda na ci huɗu cikin biyar. Na ce ta duba da kyau, naman nan yana taimaka wa ƙwaƙwalwa, in an bar mini sauran zan iya kai 160.

Ta rufe robar, ta ɗaure ta a leda, ta yafa mayafi. "Wannan kuma ya dogara da zaton cewa akwai saura," in ji ta. Ta sauka da ita gidan Kawu.