Amai a jirgi ba ya nufin ka faɗi

Sababbin ɗaliban tuƙin jirgin saman soja a Garwa ta ƙasar Kamaru sukan ɗauka wanda ya yi amai a tashin farko tasa ta ƙare, har wasu su ƙi karyawa don gudun kunya. Ba haka ba ne. Jiri na zuwa idan abin da ido ke gani ya saɓa da abin da cikin kunne ke ji, kuma jiki kan saba. Yunwa ma ƙara shi take yi. Ci abu mara maiƙo awa 2 kafin tashi, ka sha ruwa, balle a zafin Afrilu mai wuce digiri 40. In jirgi na juyawa kada ka sunkuya, kafa ido inda sama ta haɗu da ƙasa. Maganin amai yana sa barci, kada ka sha sai likitan sansani ya yarda.