Ranar da Wakilina Ya Cinye Sifirin Ƙungiya

Ni ne sakataren ƙungiyar adashinmu ta masu sayar da yadi a Kasuwar Barci, muƙamin da babu albashi sai zagi. Ɗan yayana, ɗalibi a Kadpoly, ya ga ina fama da littafi da biro, sai ya ce, "Kawu, ai yanzu akwai wakili na ƙirƙirarriyar basira. Umarni kawai za ka ba shi, shi zai karanta takardun bayanin manhaja da kansa, ya zuba maka komai a Google Sheets, wato manhajar jadawalin lissafi ta Google."

Na ce to, bismilla. Aka ba wakilin sunaye, lambobin waya, lambobin akawun da ranakun zubi. Kafin shayina ya huce ya ce ya gama, har da yi mini fatan alheri.

Ranar kwasa ta zo, ma'aji ya buɗe jadawalin zai tura wa Hajiya kuɗinta. Lambar akawun a Najeriya guda 10 ce, ta Hajiya ta koma 9. Lambar waya guda 11 ce, amma duk wani 080 ya zama 80. Sifirin farko ya yi ɓatan dabo, tun daga shugaba har ɗan autanmu. Ranaku kuwa abin sai addu'a. Jadawalin na kan tsarin Amurka, inda wata ke gaba rana na baya, don haka wanda ya yi zubi 3 ga Afrilu aka rubuta masa 4 ga Maris. Wani da kullum sai an bi shi har rumfa, ranar ya fito a matsayin mai biya tun kafin lokaci, ya dinga murmushi yana cewa Allah ya wanke shi.

Na kira yaron na ce ya zo ya yi wa wakilinsa tambayoyi. Wakilin, cikin ladabi, ya nuna mana shafin da ya karanta. Kuma gaskiya takardar ba ta yi ƙarya ba. Hanya biyu ta bayar wajen zuba bayanai: RAW, wato a ajiye abu yadda aka kawo shi, da USER_ENTERED, wato a fassara shi kamar mutum ne ya buga da hannu. Ya zaɓi ta biyun, saboda a ganinsa ni mutum ne. Na gode da wannan shaidar. Sai dai idan aka fassara 0803 a matsayin adadi, sifirin gaba ba shi da aiki, sai a watsar. Mutum zai buga ɗaya ya ga abin da ya faru ya ce subhanallahi, ya gyara. Shi wakili kamar sabon yaron shago ne mai tsananin biyayya: ka ce ya share rumfa, ya haɗa har da ciniki ya kai bola, don ba ka ce banda ciniki ba.

A nan ne na gane inda gizo ke saƙa. Mai rubuta takardar bayani yana rubuta wa mai ido ne, wanda zai gwada ya duba. Ɗan yayan nawa ya ce shi ya sa a 2024 wani Jeremy Howard ya kawo shawarar fayil mai suna llms.txt, don shafuka su riƙa tsara bayanansu yadda irin waɗannan wakilan za su karanta kai tsaye. Na ce madalla, amma a cikin fayil ɗin akwai inda aka ce lambar Hajiya da sifiri take farawa? Ya yi shiru. Don ya kwantar mini da hankali ya ƙara da cewa ko masanan ƙwayoyin halitta, a 2020 sai da suka sauya wa wasu ƙwayoyin gado suna, irin su MARCH1 da SEPT1, saboda jadawali na mayar da su kwanan wata. Wato har farfesoshi sun sallama.

Ba a gama da wannan ba, shugaba ya ce a faɗa masa jimillar abin da ke asusu. Wakilin ya haɗa fayil da openpyxl, wata manhajar haɗa fayilolin jadawali, ya sa dabarar tarawa, ya koma ya karanta amsa. Shi kuwa openpyxl ba ya lissafi, amsar da aka taɓa ajiyewa kawai yake karantowa, kuma ba a taɓa buɗe fayil ɗin ba balle a ajiye. Sai ga rahoto: babu komai. Alhaji shugaba ya cire hula. Ma'aji ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba.

Da ƙyar aka shawo kan jama'a da tsohon littafina. Daren nan na zauna na rubuta wa wakilin tawa takardar bayanin, da Hausa tsantsa: duk abin da ka zuba, ka tabbata sifirinsa na gaba yana nan.

Washegari saƙon tunatarwar zubi ya fita zuwa wayoyin 'yan ƙungiya. Lambobi duk sun yi daidai, saƙo ya isa ga kowa. Ina cikin auna wa wata mata shadda shugaba ya kira ni.

"Malam Sakatare, wane ne kuma 0Alhaji?"