Tinikling da kiɗan hip hop

Wani labari ya ce matasan Filifin na ɗora rawar tinikling ta tsibirin Leyte kan kiɗan hip hop, amma bai faɗi inda gizo ke saƙa ba. Tinikling rawa ce da mai yin ta ke sa ƙafa tsakanin dogayen gora biyu yana fitarwa, wasu mutane na riƙe da gorar suna bugawa. Ta asali bugu uku-uku ce: masu riƙe gora biyun su buga ƙasa sau biyu, na uku su haɗa su. Hip hop kuwa huɗu-huɗu yake tafiya. In ba a daidaita ba, gora ta rufe ƙafa na ciki, idon sawu ya sha matsa. Shi ya sa ake mayar da shi bugun ƙasa biyu, haɗawa biyu. A kuma sa katako ƙarƙashin bakin gorar kowane gefe, kada yatsun masu riƙewa su daku da ƙasa.